Ranar da Dabo Ya Toshe wa Gwaggo Hanci

A shekara ta biyu da tsadar fetur, lokacin da masu babura a Unguwar Ɗinya suka koyi kashe inji a kowace gangara, Dabo ya sanar a gindin ɗinyar da ake zaman hira cewa ya gano inda man mota yake tafiya.

Ba wanda ya yi mamaki. Dabo ya taɓa gano abin da ke kashe kaji da bazara, ya kuma taɓa gano ruwa a bayan makaranta, inda har yau ramin yana nan awaki na faɗawa. Amma a kan mota yana da hujja. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya yi wata uku a wani gareji a Kano. Waɗanda suka ziyarce shi a lokacin sun ce aikinsa wanke notina ne a cikin daro. Shi kuwa ya dawo da sifana lamba goma a aljihun gaba, inda wasu ke maƙala biro, da kuma sunan Injiniya, wanda shi ya raɗa wa kansa.

Mota ɗaya ce a ƙauyen, tsohuwar a-kori-kura ta Malam Muntaka, wadda ake kira Gwaggo saboda tsufa da yawan tari. Direbanta Sabo mutum ne da zai kai ka Tsanyawa ya dawo da kai bai faɗi kalma goma ba. Gwaggo tana shan galan biyu zuwa da dawowa, kuma a waɗannan shekarun galan biyu ya isa ya ramar da mai mota. Malam Muntaka ya rame.

"Malam, galan biyun nan ba injin ne yake sha ba," in ji Dabo. "Ɗaya injin yake sha. Ɗayan guduwa yake yi."

"Guduwa ina?"

"Sama."

Ya ja su gaba ɗaya zuwa inda motar take a rana, ya nuna murfin tanki. "Sa hancinka nan, Malam. Me ka ji?"

Malam Muntaka ya sunkuya ya shaƙa. "Fetur."

"To, wannan da ka shaƙa naka ne. Ka shanye wajen cokali biyu yanzun nan."

Malam Muntaka ya yi saurin ja da baya, ya riƙe numfashi.

Dabo ya kwance murfin, ya ɗaga shi sama ya nuna musu wata 'yar huda kamar ta allura. Sannan ya leƙa ƙarƙashi ya nuno wani siririn tiyo da ya fito daga wuyan tankin, bakinsa a buɗe, bai shiga ko'ina ba.

"Ƙofa biyu aka bar wa ɓarawo. Ku manoma ne, in tambaye ku. In za ku adana wake a duro, kuna barin huda?"

"A'a," suka amsa.

"Me kuke yi?"

"A cika shi har baki, a sa leda, a ɗaure, a liƙe."

"Don me?"

"Don kada iska ta shiga ƙwari su rayu."

"To! Wake ma da ba ya tashi sama kuna liƙe shi. Fetur da ke da fukafukai kun bar masa taga biyu. Masu ƙera mota ba su taɓa ajiye wake ba, shi ya sa."

Babu mutum ɗaya a wurin da ƙwari ba su taɓa mayar masa da wake gari ba, saboda haka maganar ta shiga.

Nan take aka tsara gwaji. Ranar kasuwar Tsanyawa za a cika Gwaggo har baki, Dabo ya liƙe ta, Malam Muntaka ya danna yatsansa a kan liƙin. In aka je aka dawo ba ta sha fiye da galan ɗaya ba, makulli ya zama na Dabo. In kuwa aka karya liƙin a hanya, Dabo ya faɗi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya ƙara da bakinsa, don kada a ce ya ƙara mai a ɓoye.

Sabo ba ya nan aka yi wannan. Da ya iso aka ce ya ba da makulli na kwana ɗaya, sai ya tambaya, "Me zai yi mata?"

"Sirrin sana'a ne," in ji Dabo. "Kai dai ka jira mu a kasuwa. Kuma ni ban ce wani ne yake sayar da galan na biyun ba. Ku shaida ne, ban faɗa ba."

Sabo ya dube shi, ya dubi Malam Muntaka, wanda ya sami abin kallo a yatsun ƙafarsa. Ya ajiye makullin a kan bonet ya tafi.

Mutum ɗaya ce ba a shawarta ba, kuma ita ce ke da kaya. Kulu, yayar Dabo, ita ke riƙe da gidanta tun da mijinta ya rasu, da ɗan filin noman rani a Watari. Tumatirinta ya nuna gaba ɗaya a wannan makon, kwando goma sha takwas. Maƙwabciyar filinta, Naomi, tana da shida. Manyan motocin da ke kwasar tumatir zuwa Kudu suna lodi a kasuwa da hantsi, su tashi ana idar da Azahar. Tumatirin da ya rasa su, a wannan zafin, kafin jibi ya zama ruwa. Da waɗannan kwanduna Kulu za ta sayi takin damina da hatsin da zai kai 'ya'yanta kaka.

Da safiyar kasuwa ta iso ta tarar da taro. Rabon da a ga an cika Gwaggo har baki shekara biyu ke nan, saboda haka mutane sun fito kallo, har da masu carbi a hannu. Malam Muntaka yana tsaye yana bin kowane galan da ido kamar ana ɗibar jininsa.

"Ina Sabo?" in ji Kulu.

"Yau ni zan kai ki, Yaya."

"Kai? Malam, duk ranakun Allah ba a sami ranar gwaji ba sai ranar tumatirina?"

"Ki kwantar da hankalinki, Kulu," in ji Malam Muntaka. "Injiniya ya yi bayani, kuma bayanin ya shiga hankali."

"Ramin bayan makaranta ma da bayani aka fara shi."

"Yaya, kafin dillalai su gama shan koko muna can. Ki zauna a gaba ki ga aiki."

Ya soma. Ya cusa ƙaya a 'yar hudar murfin, ya ɗiga mata narkakken ƙaro. Ya shimfiɗa leda biyu a bakin tankin kafin ya ɗaura murfin, ya naɗe da robar tayar keke, sannan ya bi da laka irin ta yaɓen rumbu. Siririn tiyon nan kuma ya toshe shi da totuwar masara, ya ɗaure da waya. Malam Muntaka ya yi bisimilla ya danna babban yatsansa a lakar. Wani dattijo ya ce shi bai taɓa ganin duron da aka liƙe da kyau haka ba. Malam Muntaka ya hau bayan babur ya yi gaba, don ya tarye su a kasuwa inda Sabo ya riga ya tafi.

Aka yi lodi. Kulu da Naomi suka shiga gaba. Gwaggo ta tashi da bugu ɗaya, Dabo ya danna hon sau bakwai, suka fita.

Ba su yi nisan da mai keke zai yi gumi ba Gwaggo ta soma tari. Ba irin tarinta na kullum ba, wannan mai shaƙewa ne.

"Me ke nan?" in ji Kulu.

"Sabawa take yi da sabon tsari."

Ta saba har ta tsaya cak, daidai wata gona inda wasu mutum uku ke baza taki. Dabo ya sauko da fara'a, ya buɗe bonet ya tokare da kara. Ya zaro sifana lamba goma, ya gwada ta a wurare huɗu, ba ta shiga ko ɗaya ba, ya mayar aljihu. Sannan ya kama tiyon da ke kawo mai daga tanki zuwa filta, ya fizge. Sai aka ji tsiiii.

"Kun ji?"

"Mun ji," in ji masu taki.

"Datti ne ya fita. Dattin Sabo na shekara tara."

"Ni kuwa kamar shaƙa na ji ta yi," in ji Naomi daga taga, "ba fitarwa ba."

"Naomi, ki faɗa mini, kafireto namiji ne ko mace?"

"Ban sani ba, Injiniya."

"To ki bar wa masu sani."

Ya hura filtar, ya mayar da tiyon, ya murɗa makulli. Gwaggo ta tashi lafiya lau. Wannan shi ne abu mafi muni da ya faru a ranar, domin daga nan babu mai iya gaya masa komai. Ya tsaya ya yi wa masu taki bayanin wake da duro tun daga farko, inji na aiki yana shan mai, sai da Kulu ta miƙo hannu ta danna hon da kanta.

"Dabo, rana!"

Tsayawa ta biyu ta zo a tsakiyar wata 'yar unguwa, kusa da rijiya, inda jama'a ta fi yawa. Wannan karon Dabo ya ce famfon mai ne ya yi kasala, sai an jawo masa man da baki kamar yadda ake koya wa ɗan maraƙi sha. Don kada ɗigo ɗaya ya zuba, sai ya lanƙwasa tiyon ya matse kafin ya cire shi. Ya sa a baki. Ya saki.

Maimakon ya tsotsi tiyo, tiyo ne ya tsotse shi. Harshensa ya shige ciki ya liƙe.

"Mmmm! Mmmmm!"

"Me yake cewa?" in ji Kulu.

"Ban sani ba," in ji Naomi, "amma tun safe wannan ce maganarsa ta farko da na yarda da ita."

Kulu ta sauko, ta dafa goshinsa da hannu ɗaya, ta ja tiyon da ɗayan. Ya fita da ƙara kamar an cire ƙafa daga taɓo, tiyon ya sake yin tsiiii. Masu ɗiban ruwa suka ajiye gugansu don su yi dariya da hannu biyu. Dabo ya fusata, ya sake kai tiyon baki ya zuƙa da ƙarfin zuciya, sai ga fetur ya cika masa kumatu.

A nan ya shiga matsala ta gaske. Zubarwa asara ce, kuma za ta bayyana a awo. Mayarwa tanki ba hali, an liƙe. Ya zaga motar sau biyu da kumatu a kumbure, idanu na ruwa, yana neman inda zai ajiye dukiyar Malam Muntaka. Daga ƙarshe ya cire murfin kafireto ya tofa a ciki. Aka murɗa makulli, Gwaggo ta tashi da ruri.

"Wannan dabarar," in ji shi da harshe a kumbure, "ko a Kano mutum uku ne suka san ta."

Wani magidanci mai hankali ya matso. "Malam direba, ko za a buɗe murfin nan a duba? Wataƙila man ne ba ya saukowa."

Dabo ya yi tsalle ya rungume gefen motar. "Kada wanda ya taɓa! Yatsan Malam ne a kai!"

"Yatsan Malam zai sayi tumatir?" in ji Kulu.

"Yaya, ai na gano ciwon. Wannan tsiiii ɗin da kuke ji, shi ne ɓarawon. Na toshe masa ƙofa biyu ya sami ta uku."

Ya ɗauko sauran waya da sauran ƙaro, ya bi kowace mahaɗar tiyo ya naɗe, ya murɗe, ya liƙe, har ya tabbatar ko shi kansa ba zai iya sake buɗewa ba. Ya duba aikinsa ya yaba. Rana ta riga ta hau kai.

"Ka kira Sabo a waya," in ji Kulu da suka tashi.

"Babu sabis."

"Ai ba ka duba ba."

"Na san wajen nan, Yaya."

Wannan karon Gwaggo ta yi tafiya mai ɗan tsawo, har Dabo ya soma yi musu bayanin yadda zai gyara motocin ƙaramar hukuma gaba ɗaya in an neme shi da ladabi. Suna cikin hawan tudun da ke kaiwa bakin kwalta, injin ya soma nishi. Dabo ya taka totur har ƙasa. Sai aka ji ƙwam! daga ƙarƙashin motar, kamar an doki duro da gatari.

"Innalillahi!" in ji Kulu.

"Yesu!" in ji Naomi.

Dabo bai ce komai ba, domin ba ya nan. Ya riga ya buɗe ƙofa ya tsallake kunya huɗu a gonar mutane. Motar ta mutu, ta soma silalowa da baya da kwando ashirin da huɗu da mata biyu. Naomi ce ta miƙa ƙafa ta taka duk abin da ta samu a ƙasa, ɗaya daga ciki ya zamo birki. Kulu ta sauko ta sa dutse a taya.

Can sai ga Dabo yana dawowa a hankali, hannu a baya.

"Ina ka je?"

"Irin wannan ƙarar daga nesa ake gane ta."

Suka leƙa ƙarƙashi su uku. Cikin tankin ya shige ciki, ya lotsa, kamar kumatun tsohuwar da ba ta da haƙori.

"Yau Gwaggo ta cika gwaggo," in ji Naomi.

"Alamar tsimi ke nan," in ji Dabo. "Tanki ne ke matse man don kada ya tafi da yawa. Abin da nake nema ke nan tun safe."

Ya koma ya yi ta murɗa makulli. Injin ya yi gur-gur-gur, ya koma gur, gur, ya koma ƙyas. Batir ya ƙare. Ya nufi tiyon nan da ya cece shi sau biyu, ya tarar da aikin hannunsa. Ya ja, ya ciza, ya buga da sifana lamba goma, wadda a ranar ta sami aikinta na farko a matsayin guduma. Tiyo bai motsa ba.

"Sai turi," in ji shi, ya koma ya zauna a sitiyari.

Matan suka tura. Mota mai lodi a kan tudu ba ta san da su ba.

"Sauko ka tura, ƙaton banza!"

"Wa zai riƙe sitiyari, Yaya?"

"Riƙe shi ya kai mu ina?"

Ruwan tumatir ya soma ɗiga daga bayan motar, yana yin 'yan ramuka a ƙasa. Kulu ta tsaya tana kallonsa. Daga wani ƙauye can aka kira Azahar.

Naomi ta ɗaura ɗankwalinta. "Gidan kawuna Dogo yana bayan waɗancan giginyun. Bari in zo."

Ta dawo da Baba Dogo, dogo kamar sunansa, da shanun huɗarsa biyu waɗanda ya kwance daga amalanken taki. Ya zaga motar, ya ɗaura igiya a gaba, ya dubi Dabo.

"Kai ne direban?"

"Injiniya ne."

"To Injiniya, shanuna ba sa son hon. Ka zauna kawai ka riƙe wannan abin, kada ka taimaka."

Haka suka hau tudun, haka suka hau kwalta. Dabo yana zaune a miƙe, gwiwar hannu a taga, yana canza giya lokaci-lokaci don masu wucewa. Saura kaɗan su shiga Tsanyawa, babbar mota ta farko ta wuce su, ta nufi Kudu, kwanduna har sama. Ta biyu ta biyo ta. Ta uku ma. Kulu, wadda ke tafiya a ƙasa gefen shanu, ta bi kowacce da ido har ta ɓace. Duk wanda ya san Kulu ya san wannan kallon ya fi zagi.

Kasuwa ta watse rabi, amma rabin da ya rage ya isa. Tun daga bakin tasha mutane suka dafo musu baya.

"Injiniya, wannan sabon injin lita nawa yake sha?"

"Dusa ake zuba masa ko harawa?"

"Ka ba su hannu, za su sha kwana!"

Malam Muntaka da Sabo suna zaune a teburin Shago mai shayi, inda suka yi awa huɗu ba su yi wa juna magana ba. Shanun suka tsaya a gabansu. Dabo ya sauko, ya gyara hula, ya hau bayan motar ya tsaya tsakanin kwanduna don kowa ya gan shi.

"Jama'a, ku shaida! Malam, duba yatsanka. Ba a taɓa shi ba."

Malam Muntaka bai dubi yatsan ba, shanun ya duba.

Sabo ya tashi. Ya leƙa ƙarƙashi ya ga tankin. Ya ga totuwa. Ya tsaya a gaban lakar ya daɗe yana kallo. Sannan ya koma teburin shayi ya zauna.

"Shago, ba ni gwangwanin madara. Huda ɗaya."

"Huda ɗaya ba ya zuba, Sabo."

"Yi dai."

Shago ya huda gefe ɗaya da wuƙarsa. Sabo ya ɗaga gwangwanin ya kifa a kan kofi. Ɗigo uku suka faɗo, sannan ya tsaya. Ya girgiza, ɗigo ɗaya ya ƙara faɗowa. Ya miƙa wa Shago.

"Ƙara ɗaya."

Shago ya huda ɗaya gefen. Madara ta zubo siririya, ba yankewa. Sabo ya juya shayinsa ya kurɓa.

Matan kasuwa ne suka fara ganewa. Dariyar ta soma daga wajen masu daddawa, ta bi layin masu gishiri, ta kai ga mahauta. Kulu ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki wuƙar Shago.

"Yaya! Sharaɗi! Yatsan Malam!"

"Matsa."

Ai yana saman mota, bai ma tare mata hanya ba. Ta fasa lakar da ƙotar wuƙa, ta yanke roba, ta murɗe murfin. Gwaggo ta ja numfashi, dogo, mai shessheƙa, kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Kasuwa ta yi tsit tana saurare. Sai ƙwam! cikin tankin ya dawo daidai.

Shanun Baba Dogo, waɗanda ba sa son hon, wannan ma ba su so shi ba. Suka zabura gaba ɗaya. Motar ta fizga, Injiniya ya ɗaga ƙafafu sama ya zauna cikin kwando har ƙugu. Sabo, wanda ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, ya ajiye kofi, ya faɗa kujerar direba, ya sa giya ta biyu ya saki kuloci. Gwaggo ta yi tari biyu irin nata na kullum, ta kama. Ya taka birki. Injin ya ci gaba da aiki a hankali, kamar ba abin da ya taɓa samun sa.

Daga cikin kwando aka ji murya. "A auna! A auna man!"

Aka kawo kara aka tsoma. Man bai sauka ba sai kaɗan. Ko rabin galan ba ta sha ba.

"Allahu akbar!" Dabo ya yunƙuro, jan ruwa na bin wandonsa. "Na ce galan ɗaya, ga shi ko rabi ba a taɓa ba! Malam, makulli!"

Malam Muntaka ya dubi karan. Ya dubi Dabo. Ya juya ga mai shanu.

"Gaskiya ne, an yi tsimi. Baba Dogo, a cikin shanun nan biyu wanne ya fi natsuwa? Shi za a ba makullin."

Sai da Shago ya riƙe tukunyar shayinsa don kada masu dariya su kifar da ita. Da abin ya lafa, Malam Muntaka ya matsa jikin taga, ya rage murya. "Sabo, ka yafe mini."

"A sayo sabuwar filta," in ji Sabo. "A wanke kafireto, a canza fulogi, a daidaita iskar taya, a daina yi mata lodin jaki uku. Za ta rage sha. Na faɗa tun bara."

Waɗanda suka san shi sun ce bai taɓa yin magana mai tsawon wannan ba, ko a ranar ɗaurin aurensa.

Masu sayen miya sun ɗauki kwando biyar, waɗanda ke sama. Sauran aka mayar mota. Kulu ta tsaya a gaban ƙaninta, wanda ke goge wando da ledar da ya liƙe tanki da ita.

"Dabo, kana da wuƙa?"

"Ina da sifana."

"Za a ba ka wuƙa."

Tumatirin da ya rasa mota hanya ɗaya ce ta rage masa: a yanka shi biyu-biyu a shanya, ya zama kauɗa, a jira damina lokacin da ɗanye zai yi wuya. Ba zai kawo takin a kan kari ba, amma zai kawo hatsi. Washegari tun da hantsi aka share fili a bayan gidan Kulu, aka ajiye turmi a kife, aka zaunar da Injiniya a kai, kwando goma sha tara a jere a gabansa, har da wanda ya zauna a ciki. Duk mai wucewa sai ya tsaya ya ja dogon numfashi mai shessheƙa, ya ce sannu da aiki.

Kwana biyu bai yi magana ba, har Kulu ta soma tunanin ko fetur ɗin ya taɓa masa maƙogwaro. A rana ta uku ya ajiye wuƙa, ya dubi jar shimfiɗar da ta cika fili, ya gyara zama.

"Yaya, na gano abin da ke sa kauɗa ta ƙanƙance. Kin ga yadda muka yanka shi manya-manya, ga shi ya koma rabi? Rabin nan guduwa yake yi. Sama. In da za a sami babbar leda a rufe shi ruf, a bi gefen da laka..."

Kulu ta tashi ta shiga gida. Ta fito da totuwar nan da Sabo ya zaro daga tiyon Gwaggo, ta ajiye ta a kan gwiwarsa.

"Huda ɗaya ce a duk ƙauyen nan take buƙatar wannan," in ji ta, tana kallon bakinsa, "kuma ita ka tsallake."

Naomi ta turo masa kwando na gaba.